Yaro Zai Fara Makaranta, Hankalin Iyaye Ya Rabu Biyu: Tambayoyi da Amsoshi

Duk watan Satumba idan an dawo daga dogon hutu, mu masu koyarwa a ajin ƙananan yara baƙi iri biyu muke karɓa: yaran da aka kawo, da iyayen da suka kasa tafiya. Na yaran da sauƙi, waƙa da biskit sun ishe su. Iyayen ne ke maƙalewa a bakin taga, ko su bugo waya ƙarfe goma su ce, "Malama, ya yi shiru kuwa?" Tambayoyin nan su ne suka fi maimaituwa, wasu a ofis aka yi mini su, wasu a gidan suna, wasu ta WhatsApp da tsakar dare.

Ni na matsa a sa shi makaranta, ni na kai ɗinkin yunifom, amma daren da zai fara na kasa barci, da safe kuma sai hawaye. Lafiyata ƙalau kuwa?

Ƙalau kike, 'yar'uwa. Yaye ne na biyu. Ki tuna ranar da aka ɗauke shi aka kai gidan kaka don a cire shi daga nono: ke kika ce lokaci ya yi, kuma ke kika kwana kina juyi. Babu wanda ya ce tunda kin yi kewa to yayen kuskure ne. Shekara uku ko huɗu ke kaɗai kika san kukan yunwa da kukan barci, ke kika san ba ya shan koko sai ya huce, yau kuma za ki damƙa shi ga matar da ba ta ma san sunan da ake kiran sa da shi a gida ba. In zuciya ba ta motsa ba, ai da mamaki.

Abin da nake roƙon iyaye shi ne su zauna su rarrabe damuwar, don ba iri ɗaya ba ce. Akwai kewa zalla, wadda ba ta da magani sai kwanaki. Akwai kuma damuwar da za ki iya nuna ta da yatsa: ƙofar makarantar ba maigadi, banɗakin ba ruwa, akwai babban titi da zai tsallaka, aji ɗaya yara sun fi ƙarfin malama ɗaya. Wannan ba a haƙuri da ita, mayafi ake ɗauka a je a duba. Matsala tana zuwa ne idan aka juya su, uwa ta yi ta faɗa da malamai a kan kewa, ta kuma yi shiru a kan katangar da ta rushe.

Ɗan fari ne, kuma gida ɗaya muke da surukata. Ko raka shi bakin zaure na kasa, kada a ce ba ni da kunya. Yaya zan yi?

Wannan tambayar ta fi kowace taɓa ni, don ba a cika yin ta da ƙarfi ba. An raine mu a kan uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi gaban mutane, in ya faɗi ma sai ta kawar da kai wata ta ɗaga shi. Kyakkyawar ɗabi'a ce, ba zan kushe ta ba, ita ce ta sa yaro ke tashi yana da iyaye da yawa a gida ɗaya. Amma kunya ta gaban mutane ce, ba ta shiga ɗaki. Daren jajibere ki ja shi cikin ɗakinki, ki gwada masa takalmin, ki gaya masa da bakinki cewa gobe za shi makaranta, za a tashi bayan Azahar, kina gida kina jiran sa da abincin da yake so. Ki tofa masa addu'a. Da safe in Hajiya ko goggonsa ce za ta kai shi, ba komai, abin da yake bukata ya riga ya samu.

Ki sa Hajiya a cikin lamarin ma. Kakannin nan da ke cewa "yo mene ne abin kuka, kowa da haka ya girma," su ne za ki tarar sun shimfiɗa tabarma a zaure tun sha biyu suna tambayar ko an taso su.

Da ya tafi gidan ya yi tsit, na sha shayina da zafinsa, har na ji daɗi. Sai kuma na ji kamar na yi laifi.

Babu laifi. Matar da ta shekara huɗu ba ta shiga wanka ba sai da ɗan yatsa yana leƙowa ta ƙarƙashin ƙofa, ta cancanci awa biyar na kanta. Ki yi sana'arki, ki koma Islamiyyar matan aure da kika ajiye, ko ki kwanta ki yi barci.

Shekara nawa ya kamata yaro ya fara? 'Yar maƙwabciyata ba ta cika biyu ba amma har ta yi zango guda.

A tsarin Nijeriya, aji ɗaya na firamare na ɗan shekara 6 ne. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta shekara tara: shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare. Kafin nan akwai shekara guda ta share fage ga ɗan shekara 5, abin da muke kira rabin aji. A Nijar ma, inda ake buɗe makarantu a watan Oktoba, wajen shekara 6 zuwa 7 yaro ke shiga ajin farko da ake kira CI. Waɗanda aka ɗauka lokacin UPE, shirin ilimin firamare kyauta ga kowa a Nijeriya, a 1976 za su ba ki labarin yadda ake gane shekaru a zamanin da takardar haihuwa ba ta yawaita ba: yaro ya ɗora hannu ta saman kai ya kamo kunnen ɗaya gefen. In ya kamo an ɗauke shi, in bai kai ba sai baɗi.

Kai ɗan shekara biyu nazire ba wajibi ba ne. In uwa ma'aikaciya ce ko 'yar kasuwa kuma ba mai riƙe mata, to wuri ne na reno, a kira shi da sunansa, a nemi mai tsafta da masu haƙuri. Amma a ce za a yi masa jarrabawa har a fitar da na ɗaya da na ƙarshe, wannan neman kuɗi ne kawai. Kuma gaggawar ba ta kai mutum ko'ina. Yaro ya fara da wuri, a tsallakar da shi daga aji huɗu zuwa sakandare, ya gama yana ɗan sha huɗu, sai ya zo ya tarar ana cewa sai mai shekara 16 za a ɗauka a jami'a. Kin tuna cece-kucen da aka yi kan wannan a 2024.

Abin da nake dubawa ya wuce shekaru: yana iya faɗin yana jin fitsari? Yana iya cin abinci da kansa? In an yi masa magana ɗaya yana bi? Yana iya zama wurin wani babba na ɗan lokaci ba tare da ke ba?

Idan na kai ta sai ta riƙe hijabina tana ihu. In lallaɓa in sulale ba ta gani ba?

A'a, don Allah. Sulalewa na sauƙaƙa miki minti biyu, ita kuma ta koyi cewa da zarar ta ɗauke ido Umma na iya ɓacewa. Gobe riƙon zai fi na yau ƙarfi. Ki durƙusa daidai tsayinta, ki ce, "Zan tafi gida, in an tashi ni zan zo in ɗauke ki." Ki miƙa hannunta ga malama, ki juya, ki tafi. Kada ki dawo leƙe. Na sha ganin yarinya ta yi shiru ta fara wasa da murafen kwalba, sai ga inuwar uwa a taga, a koma gidan jiya.

Kada kuma a yi mata ƙaryar "bari in sayo miki alawa in dawo." Za ta zauna tana kallon ƙofa har a tashi. Sannan ranakun farko ki zo da wuri. Yaron da aka kwashe kowa aka bar shi da maigadi a makon farko, da wuya ya yarda da maganar "zan dawo."

Fuskarki ma tana magana. In kina sallama murya na rawa, kina ta maimaita "kada ki ji tsoro," ta gane akwai abin tsoro. Riƙe hawayen har ki shiga Adaidaita Sahu, can ki yi abinki.

Har yaushe kukan zai ɗauka? Yaushe zan san abin ya wuce na sabo?

Yawancin yara kukan bakin ƙofa ne, kafin a gama asambili sun manta. Cikin mako biyu zuwa uku ya kan lafa, ko da yake yana dawowa ranar Litinin, ko bayan hutu, ko idan an yi sabuwar haihuwa a gida. Wani yaron ma makon farko da gudu yake shiga aji, sai a na biyu, da ya gane abin kullum ne, ya tayar da ƙayar baya.

Ki tambayi malama abin da yake yi bayan kin tafi, wannan ne ma'auni. In ya wuce wata guda yana wuni yana kuka, ba ya ci, ba ya wasa da kowa. Ko ya koma fitsarin kwance bayan ya daɗe da dainawa. Ko kullum da safe ciwon ciki amma Asabar da Lahadi garau. Ko ya firgita idan an ambaci sunan wani malami ko wani yaro, to a zauna da hedimasta, a kuma ga likitan yara. In kin ga tabo ko ciwo a jikinsa da ba a yi miki bayani ba, musamman a al'aurarsa, ba a jiran wata guda. Ranar za a bi sawu.

Ni uba ne. Gaskiya abin da ke hana ni barci kuɗin ne. Uwarsa na son makarantar kuɗi, ni kuma albashina na san iyakarsa.

Malam, ba kai kaɗai ba ne, maza ne dai ba sa faɗa. Makarantar gwamnati kyauta ce a doka, Kano ma ta sake shelanta ilimi kyauta kuma dole a 2019, amma yunifom da littafin rubutu da kuɗin tara duk daga aljihunka ne, ga cunkoso a azuzuwa da yawa. Makarantar kuɗi kuwa, abin da aka rubuta a takardar farko ba shi ne ƙarshe ba. Akwai kuɗin fom, littattafan da dole a wurinsu za ka saya, kayan wasanni, kuɗin mota, sannan a ƙarshen shekara bikin yaye ɗalibai, a sa wa ɗan shekara biyar alkyabba da hula mai tunku kamar ya gama digiri.

Shawarata, ka nemi lissafin shekara gaba ɗaya a rubuce kafin ka biya sisi. Ka zaɓi wadda za ka iya biyan zango uku ba tare da cin bashi ba. Babu abin da ke karya zuciyar ƙaramin yaro irin a kira sunansa gaban 'yan ajinsu a ce ya ɗauki jakarsa ya tafi gida, bai kuma san laifin da ya yi ba. Gara makaranta mai sauƙi da zai zauna lafiya shekara shida da mai fenti da lilo da za a cire shi a zango na biyu. Kuma in ka je dubawa, kada ka tsaya a ofis. Ka leƙa banɗaki, ka ɗauki littafin wani yaro ka ga ko ana duba aikin da ya yi.

Da irin labaran satar ɗalibai da muke ji, ta yaya hankalina zai kwanta?

Ba zan ce miki tsoron banza ba ne. Chibok a 2014, Dapchi a 2018, Ƙanƙara a Disambar 2020, Jangebe a Fabrairun 2021. Za a ce ai waɗannan na kwana ne, to Tegina a 2021 Islamiyya ce ta ƙananan yara, Kuriga a Maris 2024 kuma da safe aka zo, har da 'yan firamare aka kwasa. Mutanen Kano ba su manta da yarinyar nan 'yar shekara biyar ba, wadda a farkon 2022 aka gano mai makarantarsu ne ya sace ta ya kashe ta. Uwar da ta san duk wannan kuma ta ɗaura wa ɗanta jaka da safe, jaruma ce.

Wanda ke zaune inda 'yan bindiga ke yawo, ba ni da bakin ce masa ya daure. Wannan shawara ce ta mutanen gari, da mai unguwa, da kwamitin kula da makaranta, su suka san hanyar da ke biyuwa da wadda ba ta biyuwa. A cikin birni kuwa akwai abubuwan da ke hannunmu. A rubuta wa makaranta sunan mutum biyu ko uku da aka yarda su ɗauki yaro, ban da su ko kawunsa ne sai an kira ki. In makarantar ba ta da wannan tsari, ki kawo maganar a taron iyaye da malamai. Ɗan sahun da zai riƙa jigila ya zama an san gidansu da lambar kekensa, ba wanda aka tsayar a titi aka yi ciniki ba. Yaro ya haddace cikakken sunan mahaifinsa da unguwarsu da lambar waya ɗaya. Ɗan shekara biyar da ya riƙe Izu guda ba zai kasa riƙe lamba goma sha ɗaya ba. A kuma gaya masa ƙarara: ko wa ya ce "Ummanka ce ta aiko ni," ko ka san shi, ka koma wurin malama.

Ina tsoron boko ta ɓata masa tarbiyya, shi ya sa na haɗa masa allo da asuba, Islamiyya da yamma, da lesin. Ya yi yawa?

Lissafa da kanki. An tashe shi Asuba ya je hadda, bakwai da rabi yana boko, ya dawo ƙarfe ɗaya ko biyu ya ci abinci a tsaye, La'asar Islamiyya, bayan Magariba mai lesin na jira, sannan jinga. Yaushe zai yi langa? Likitocin yara sun ce ɗan shekara 3 zuwa 5 na bukatar barcin awa 10 zuwa 13 a kwana guda, ɗan 6 zuwa 12 kuma awa 9 zuwa 12. Yaran da ke gyangyaɗi a ajina ƙarfe tara, da yawansu ba daƙiƙai ba ne, barci ne bai ishe su ba.

Karatun addini ba abin ajiyewa ba ne, amma a zangon farko a bar masa boko da guda ɗaya, allo ko Islamiyya. Lesin ya jira. Salla ma da take ginshiƙi, sai a shekara bakwai aka ce a fara umartar yaro da ita. Makarantar allo da kanta tana ba da hutun Alhamis da Juma'a tun kaka da kakanni.

Batun tarbiyya kuwa, zai kwaso zagi, wannan babu makawa. Rana ɗaya zai shigo ya ɗura wa ƙaninsa ashar ɗin da ba a taɓa yi a gidanku ba. Kada ki yi dariya, kada kuma ki kai masa mari. Ki ce ba a faɗin wannan a gidan nan, ki tambayi inda ya ji, ki sanar da malama.

An ce a makarantar ba a yin Hausa, har tara ake ci. Shi kuwa ko "zo" bai sani ba da Turanci.

Wannan dokar ina adawa da ita a ajin ƙanana, ko a gaban wa. Yaron da aka raba da uwarsa yau, a kuma hana shi harshen da zai ce yana jin ƙishirwa, me ake so ya yi in ba kuka ba? An gwada abin nan a ƙasar nan: a Ile-Ife daga 1970, ƙarƙashin Farfesa Babs Fafunwa, an koyar da yara da Yarbanci tsawon firamare, Turanci na matsayin darasi, kuma ba su gaza takwarorinsu a Turancin ba, a darussa da dama ma sun fi su. Yaron da ya iya haɗa baƙi da wasali da Hausa, ba, be, bi, bo, bu, ya riga ya gane yadda karatu ke aiki, sauran ɗorawa ce.

Ki roƙi malamarsa ta riƙa yi masa Hausa idan ya rikice. A gida kuma kada ki daina Hausa don ki taimaka masa. Ki yi masa tatsuniya, ki bar shi ya ba ki labari har ya gaji.

Yanzu komai sai ya ce "Anti ta ce." In na gyara masa abu sai ya ce ba haka Anti ta koya musu ba. Har haushi nake ji.

Kishi ne, kuma alama ce mai kyau: ya sami babba a can da ya amince da ita. Kada ki kushe ta a gabansa, ko da ta yi kuskure. Ki same ta ku biyu. In kuma kina son labarin makaranta, "me aka koya muku yau?" ba ta fitar da komai sai "ba komai." Ki bari ya ci ya huta, sannan ki tambayi wa ya zauna kusa da shi, wa aka yi wa faɗa, wace waƙa suka yi. Da tsegumin aji ake shiga, karatun zai biyo baya.

Tunda ta fara take kwaso mura. Kuma tana da sikila.

Mura da tari a shekarar farko kusan kowane yaro sai ya yi, balle in hunturu ya shigo. Haka makero da ƙarzuwa da ƙwarƙwata, ki riƙa duba kai da tsakanin yatsu ranar wanki. A tabbata katin rigakafinta ya cika, musamman na ƙyanda. Mai zazzaɓi ko ƙarambau ko jan ido a bar shi a gida, don 'ya'yan wasu.

Sikila kuwa, da asma da farfaɗiya, kada a ɓoye wa makaranta don gudun surutu. Malamar da ba ta sani ba za ta iya tsayar da ita a rana, ko ta hana ta fita shan ruwa. Ki rubuta a takarda: a bar ta da gorar ruwanta a kan benci, a bar ta zuwa banɗaki duk lokacin da ta nema, rigar sanyi da safa a hunturu ko da ba kalar yunifom ba ce, ban da gudu mai wahalarwa, in ta ce ƙashinta na ciwo ko jikinta ya yi zafi a kira wannan lambar nan take. Kwafi ɗaya wurin malamar aji, ɗaya a ofis.

Me zan sa masa a kwando, kuma in ya ɓata wandonsa fa?

Abin da ya saba ci a gida, wanda zai iya ci da kansa cikin minti goma sha biyar: ɗanwake, ƙosai, dafa-duka, dankali da ƙwai. Makon farko ba lokacin gwada sabon abinci ba ne. Ki gwada ko yana iya buɗe fulas ɗin da hannunsa, don na ga yaran da suka wuni da yunwa da abinci a gabansu saboda murfi ya ƙi buɗuwa kuma suna jin nauyin magana. Ruwa ya fi lemon kwalba. Ki rubuta sunansa a jikin komai, har takalmi, don sandal iri ɗaya talatin ne a bakin aji.

Ɓata wando kuwa zai faru, ko ga wanda ya daɗe da iya tsuguno, saboda banɗakin baƙo ne ko yana tsoron ɗaga hannu. Ki sa wando biyu da leda a jakarsa, ki ɗinka masa mai roba maimakon mai zif da maɓalli. Ranar farko ki ce malama ta kai shi ta nuna masa banɗakin da inda buta take. In ya dawo da kaya a leda, ki karɓa ki jiƙa, kada yayyensa su ji labari.